Sa Hamo na Wendham, Mai Riƙon Kan Sarki

Sa Hamo na Wendham ya rasu a kakar bana, bayan an gama tsinkar tuffa. A wurin binne shi na ji wani yana cewa a duk ƙasar Kent ta Ingila ba a taɓa yin wanda ya daɗe yana hidimar sarki ba tare da ya yi komai ba kamarsa. Ba da mugunta mutumin ya faɗa ba. Haka kotu ta yanke a shekarun baya, mutanenmu kuwa suna girmama hukuncin kotu, musamman idan ya ba su abin dariya.

Ni ƙanin matarsa ne, sunana Osbern, kuma ni ne limamin ɗan cocin gidansa tun ina da gashi a ka. Na san inda hukuncin nan ya fito.

Kowa ya san ƙasa ta sarki ce, duk wanda ke zaune a kan wani yanki nata kuwa da hidima yake biya. Yawancin barade yaƙi ne hidimarsu, su fito da doki da sulke duk sa'ad da aka kira. Akwai wanda tasa ita ce ya kawo ciyawar shimfiɗa idan sarki ya kwana a yankinsa. Ta Wendham ita ce wannan: duk ranar da sarki zai ƙetare teku daga tashar jiragen ruwa ta Dover, maigidan Wendham zai kasance cikin jirgin, idan kuma teku ta tayar wa sarki da zuciya, shi zai riƙe masa kai. Ranar da aka neme shi aka rasa, gonakin da makiyayar da dutsen niƙan da ke bakin rafi duk sun koma hannun sarki, ya ba wanda ya ga dama.

Kakan Hamo ne ya samo ƙasar. Mai kula da dawaki ne a cikin jirgi, wata rana iska ta tashi, sarkin wancan zamani ya waiga bai ga kowa tsaye da ƙafafunsa ba sai shi. A gidan ba a cika ambaton dawakin ba. Akan dai ce kakan ya tsaya wa sarki a ranar da manya suka kasa, kuma gaskiya ne.

Hamo ya koyi aikin a hannun mahaifinsa, da kan kabeji. Hannun dama a goshi, na hagu a ƙeya. Ba a taɓa kunne. Ba a cewa sannu, domin sannu tana nuna an ga wani abu. Mai riƙo bango yake kallo har a gama. Idan an sauka kuma ba a faɗa wa kowa, ko mata, ko liman. Mahaifin ya riƙe kan sarki sau ɗaya ko bai riƙe ba, har ya mutu ba wanda ya sani, kuma da wannan gidan yake alfahari.

Matsala ɗaya ce, Hamo ba ya jure ruwa. Ko gadar katakon da ke kan rafin niƙa, idan zai haye sai ya ɗaga kai sama yana karanta addu'a. Allah ya taimake shi da tsohon sarki, wanda shi ma ba ya son teku. An sha kiran Hamo zuwa Dover, ya tafi da tasa da tawul a jaka, ya zauna a masauki yana cin kifi mai gishiri yana jiran iska. Sai sarki ya iso, ya dubi ruwan, ya tuna cewa zaman lafiya da Faransa abu ne mai daraja. Kowa ya koma gida.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ya auri yayata Idoniya, suka haifi ɗa guda da ya rayu, Ranulf. Ya yi kiwon tumaki, ya shuka sha'ir, ya yi shari'ar ƙauye a zauren gidansa, inda yawanci aladen wani ne ya shiga gonar wani. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ya yi fushi da baƙauye, hukuncinsa mafi tsanani shi ne ya daɗe yana kallonsa.

Maƙwabcinsa ta gabas shi ne Sa Fulk na Rookley, wanda ƙasarsa duwatsu ce da ƙaya, hidimarsa kuma yaƙi. Ya je yaƙi arewa, ya je yamma har Wales, ya dawo da kunne ɗaya. Daga tagarsa yana hango makiyayar Wendham kore shar, kuma ya daɗe yana lissafin abin da kowannensu ya biya. Ba zan ce lissafin nasa ba daidai ba ne. Duk sa'ad da suka haɗu a kasuwa gaisuwarsu ɗaya ce.

"Mai riƙon kai, ya aiki? Hannun dai bai gaji ba ko?"

"Da sauƙi, maƙwabci. Ya kunnen?"

"Yana can Wales yana wa sarki hidima. Ya fi wasu masu ƙafa biyu."

"To, a gaishe shi."

Hamo ya fara furfura sosai lokacin da tsohon sarki ya rasu, ɗansa ya hau. Sabon sarkin saurayi ne dogo, mai son a gan shi. Tun kafin ya taɓa shiga jirgi mawaƙan fada suka fara cewa teku tana jin kunyarsa, shi kuma bai musa ba. A gaban manyan ƙasa ya ce cikinsa na ƙarfe ne, ya ce duk barden da ya yi amai a jirginsa zai sa a ɗinka masa rigar mata. Aka yi dariya, domin sarki ne ya faɗa. Bazara na zuwa ya tara runduna zai ƙetare.

Manzo ya iso Wendham muna cin abinci. Hamo ya saurara, ya ajiye cokali, ya ce wa Idoniya ta duba masa tasar nan.

"Wace tasa? Wadda nake jiƙa wake a ciki?"

"Ita."

"Baban Ranulf, kai da ko kwatami ba ka tsallakewa sai ka kama bango, kai ne za ka riƙe kan wani?"

"Ba a ce mai riƙo sai lafiyayye ba. An ce ya kasance a jirgi."

Ta dube ni ta ce, "Osbern, bi shi. In ya mutu a ruwa a samu mai yi masa addu'a, kada kifi su ci shi haka nan."

Da hantsi muka tashi daga Dover, rana tana haske. An kafa wa sarki kujera a bayan jirgi inda kowa zai gan shi, bayan kujerar kuma akwai wani ɗan ɗaki na katako mai labule, inda aka ajiye gicciye da kayan ibada. Hamo ya tsaya kusa da kujerar, tasa a hammata, fuskarsa kamar tsohon cuku. Sa Fulk yana cikin jirgin, haka ma wani babban alƙalin sarki, Sa Joselin, mutum mai tumbi da taka-tsantsan.

Ba mu yi nisa ba iska ta juya. Ba guguwa ba ce, matuƙan ma ba su daina cin albasarsu ba. Amma jirgin ya fara hawa da sauka, kuma kafin tsakar rana manyan Ingila sun jeru a bakin jirgi, kowa ya ba maƙwabcinsa baya, suna mayar wa teku da karin kumallonsu. Ba wanda ya sake tuna zancen rigar mata.

Sarki ya zauna a kujerarsa yana murmushi. Ina kusa, na ga murmushin ya daskare, na ga gumi a leɓensa na sama. Sai ya miƙe ya ce da ƙarfi zai shiga ya roƙa wa rundunarsa sauƙi, liman ya biyo shi. Limaminsa yana bakin jirgi tare da sauran, saboda haka ni na bi. Hamo ma ya biyo, ba wanda ya kira shi, ba kuma wanda ya ga shigarsa, domin duk idanu suna kan ruwa.

Na ja labule na tsaya a bakinsa ina karanta zabura da iyakar muryata. Abin da ya faru a bayana ya ɗauki lokaci. Sau ɗaya na waiga. Sarkin Ingila yana durƙushe a gaban tasar waken yayata, hannun Hamo na dama a goshinsa, na hagu a ƙeyarsa, shi kuwa Hamo ya kafe bango da ido, haƙoransa a cije, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Nasa cikin yana neman hanya, ya hana shi. Ban san yadda ya yi ba.

Da abin ya lafa, sarki ya goge baki da tawul, ya ce, "Tsoho, me ka gani?"

"Katako, ranka ya daɗe."

"Wane irin katako?"

"Mai kyau ne. An yi masa aiki sosai."

Sarki ya dube ni. Na ƙara murya a zaburar.

Ya fita ya koma kujerarsa, kuma ba da daɗewa ba iska ta kwanta, kamar yadda takan yi idan an kusa gaci. Nan take labari ya bazu cewa sarki ya yi addu'a teku ta saurara. Hamo ya ɓoye tasar a ƙarƙashin alkyabbarsa, ya lallaɓa ya zubar ta bayan jirgi, sannan ya rarrafa bayan gangunan kifi ya biya nasa bashin gaba ɗaya. A nan Sa Fulk ya same shi kwance, ya kira mutane su zo su gani.

Bayan yaƙin, wanda ba a ci ba, ba a kuma ce an rasa ba, alƙalan sarki suka fito zagaye suna tambayar kowane mai ƙasa da wace hidima yake riƙe da ita, kuma ko ya yi ta. Sa Fulk ya kai ƙara. Ya ce maigidan Wendham ya bar wurin tsayuwarsa a ranar ƙetarewa, bai taɓa kan sarki ba, an same shi kwance cikin gangunan kifi. Ya roƙa a karɓe ƙasar, ya kuma nuna cewa ya san wanda zai iya kula da ita.

A lokacin ne na gaya wa Idoniya abin da na gani, domin ni ban yi wa kowa alkawari ba. Ta sami Hamo a rumbun ulu, ni ina biye.

"Ashe ka riƙe."

Ya dube ni, irin kallon da yake wa masu alade.

"Kada ka kalle shi, ni za ka kalla. Ka riƙe kan mutumin nan, ka yi aikinka, yanzu za a kore mu daga gidan da na haihu a ciki saboda ba za ka buɗe baki ba?"

"Ba a faɗa."

"Wa ya ce? Babanka da kabejinsa? Ranulf fa, me za ka bar masa, tasa?"

"Uwar Ranulf, in na faɗa a gaban alƙali, na ce sarki ya yi ƙarya a gaban manyansa. Kina ganin zai bar mini ƙasar don ya gode?"

"To shi sarkin ba shi da baki? Kalma ɗaya zai aiko."

"Wace kalma zai aiko?"

Babu kuwa irin wannan kalmar. Na ce ni zan iya rantsewa a madadinsa. Ya ce, "Kai zabura kake karantawa, Liman. In ka ce ka ga wani abu, kai ma ka ce ba karatun kake da gaske ba." Daga nan ya koma auna ulu. Idoniya ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ta kuma fara naɗe zannuwan gado tana sawa a akwati inda zai gani.

A Canterbury aka yi zaman, a babban zaure mai sanyi. Mutum goma sha biyu na yankinmu suka rantse za su faɗi gaskiya, alƙalin da ke kan kujera kuwa Sa Joselin ne, wanda muka shiga jirgi tare. Sa Fulk ya yi bayani mai kyau. Ya ambaci kunnensa. Ya kwatanta gangunan kifin har aka yi dariya.

Alƙali ya juya ga Hamo. "Sa Hamo, kana cikin jirgin?"

"Ina ciki, ranka ya daɗe."

"Ka riƙe kan sarki?"

Hamo ya dubi bangon da ke bayan alƙalin. Aka sake tambayarsa. Ya ce, "Ba ni da abin faɗa a kan wannan."

"Ka san abin da shirunka zai jawo maka?"

"Na sani."

Idoniya tana gefena, ta damƙe mini hannu har na ji ƙashi. Sa Fulk ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a. Magatakarda ya tsoma alƙalami a tawada yana jiran a gaya masa abin da zai rubuta.

A nan ne na ga Sa Joselin ya fara tunani, abin da ba ya yi sai dole. Bai ga abin da ya faru bayan labule ba, domin a lokacin shi ma yana bakin jirgi. Amma ya san hukuncin da zai yanke da sunansa za a kai fada, a karanta. Idan ya ce maigidan Wendham ya kasa yin hidimarsa, to ya ce akwai hidimar da ta kamata a yi ke nan. Ya gyara zama.

"Sa Fulk, hidimar nan, yaushe take wajaba?"

"Idan sarki ya ƙetare teku."

"A'a. Kasancewa a jirgi ke nan. Kai da bakinka ka ce ka same shi a jirgi, har ka kira shaidu. Riƙon kan fa, yaushe yake wajaba?"

"Idan teku ta tayar wa sarki da..." Sa Fulk ya tsaya.

"Ƙarasa mana. Kana gaya wa kotun nan cewa a ranar nan kan sarki ya buƙaci riƙo? Magatakarda, shirya, Sa Fulk zai faɗi abin da ya gani."

Sa Fulk jarumi ne, ya tsaya a gaban kibau bai gudu ba, amma bai taɓa tsayawa a gaban irin wannan ba. Ya ce, "Ban ce haka ba. Kowa ya san sarki addu'a ya shiga yi."

"Kowa ya sani," in ji alƙali. Ya tambayi masu rantsuwa, su ma suka ce kowa ya sani.

Aka yanke cewa tun da sarki, cikin ikon Allah, bai taɓa jin ko jiri a teku ba, babu abin da Sa Hamo ya kamata ya yi, kuma ya yi shi daidai. Wendham ta zauna a hannunsa. Aka ci Sa Fulk tarar ƙarar banza.

A ƙofar zauren suka haɗu. Sa Fulk ya ce, "Ka ci ƙasa da kwanciya, mai riƙon kai."

"Haka kotu ta ce, maƙwabci."

Abin da ya rage masa ke nan har ƙarshen ransa. Yara a kasuwa sukan kama kawunansu idan ya wuce. A bukukuwa akan ba da labarin barden da aka kai ya riƙe kai, ya rasa mai riƙe nasa. Ranulf ya sha dambe a kan haka yana saurayi, har ya taɓa tambayar uban ko gaskiya ne bai yi komai ba. Hamo ya aike shi ya ɗauko kabeji.

Sarki ya ƙetare teku sau da yawa bayan wannan, kuma kowace tafiya ana kiran Hamo. Kowace tafiya, da zarar jirgi ya fara rawa, sarki yakan shiga bayan labule ya yi addu'a, tsohon barden Wendham ya bi shi, wai don ya riƙe masa littafi. Sunan sarki ya yi nisa wajen ibada a kan ruwa, har wani bishop, babban limamin coci, ya yi wa'azi a kai. Ni ne nake karanta zaburar, na kuma haddace masu tsawo saboda haka. Ban taɓa jin sarki ya ce masa ya gode ba. Bai ƙara masa ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Abin da na lura kawai shi ne, a tafiye-tafiyen ƙarshe, da ƙafafun Hamo suka yi rauni, akan tarar an ajiye ɗan benci a cikin ɗakin, daidai inda yake tsayawa, kuma ba wanda ya ce shi ya sa a ajiye.

Sarkin ya rasu bara, a tudu, da ciwon ciki. Wanda ya gaje shi yaro ne da ba a bari ya je ko bakin kogi, saboda haka Ranulf yana da lokacin koyo. Sa Fulk ya riga su duka tafiya, ƙasarsa tana hannun ɗan 'yar'uwarsa, wanda shi ma na ga yana yawan tsayawa a taga.

Ciwon ajalin Hamo bai daɗe ba, amma ya zo da amai. Ranar ƙarshe da rana tsaka ina zaune a ɗakin, abin ya taso masa, Idoniya ta kawo tasar, ita dai wannan ta waken, ta tallafe masa kai yadda ta iya. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Ba haka ba ne. Na dama a goshi."

Ta gyara.

"Kin taɓa kunne."

Ta janye yatsa.

"Kuma bango ake kallo."

"Baban Ranulf," in ji ta, "ni ba ƙasa aka ba ni ba. Inda na ga dama zan kalla."

Bai sake gyara mata ba. Ta riƙe shi a haka, tana kallonsa, har la'asar.